Banɗakin Baƙi

Manaja ya karɓe allin daga hannun mai famfo, ya sunkuya iyakar yadda tumbinsa ya ba shi dama, ya ja layi biyu a bangon falo.

"Nan za a fasa ƙofar. Baƙo ya tashi daga kujera, taku uku ya shige."

Mai famfo ya dubi layukan, kowanne ya karkace ya kama gabansa, ya sosa ƙeya. Tun safe ake kan magana ɗaya. Ɗakuna uku ne a jere: falo, ɗan sito a tsakiya, sai ɗakin Inna, mahaifiyar maigidan. Siton za a mayar banɗaki, domin sokawe, ramin da ruwan ƙazanta ke taruwa, yana bayansa, kuma nan kaɗai bututu zai samu gangare. Kowa ya yarda da wannan. Abin da ya rage shi ne ƙofa: ta falo za a fasa ta, ko ta ɗakin Inna.

"Baban yara," in ji matarsa daga bakin kicin, "Inna fa tsakar gidan nan take ratsawa kafin ta kai bayin baya. Watan jiya da ta zame a kan gansakuka ni na ɗaga ta. Kana ofis."

"Ai tsautsayi ne."

"Mu an yi mana namu a cikin ɗaki tun makon jiya. Ita da gwiwa ke damunta, ita ce za ta ci gaba da tattaki?"

Manaja ya kakkaɓe alli daga hannunsa. Shi dai ba manaja ba ne. Shekara tara da suka wuce ya riƙe kujerar na mako shida, lokacin da aka yi wa mai ita tiyata. Abokan aiki suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya rungume shi hannu bibbiyu. Tun daga nan yake da ra'ayi a kan yadda gidan babban mutum ya kamata ya kasance.

"Ke ba ki shiga gidajen manya ba. Duk falon da babu banɗakin baƙi zaure ne kawai."

"Su waye baƙin? Bara mutum biyu suka zauna a falon nan, mai karanta mita da yayana. Yayana ma ruwan sama ya fake wa."

"Don babu banɗaki ne ba sa zuwa."

Mai famfo ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, ana iya ƙofa biyu, ɗaya nan ɗaya can. Wurin zai matse, amma zai yiwu."

"Ƙofa biyu? Tashar mota ce? Shugaban sashenmu yana ciki, Inna ta turo da butarta?"

Sai ga ƙarar sanda a kan siminti. Inna ta fito a hankali, tana kauce wa buhunan siminti da tarin yashi, ta tsaya tana duban layukan da ke bango. Ta tambayi abin da ake zanawa. Manaja ya yi mata bayani da murya mai taushi, irin wadda yake yi wa masu zuwa ofis da takardun da ba za a sa wa hannu ba. Ya ambaci tsarin zamani sau uku, mutuncin gida sau biyu. Ya ce taku uku kacal daga kujera.

"To," in ji Inna. "Allah ya sa albarka." Ta juya ta koma ɗakinta.

"Kin ji ko?" ya ce wa matarsa. "Tsofaffi sun fi ku fahimta." Ya ba leburori umarni su fasa, ya ce wa mai famfo yana so ya dawo ya tarar an gama haɗa bututu, ya ɗauki makullin mota.

Awa uku ya yi a layin masu tayil. Ya sa aka sauke kwali goma sha ɗaya, ya shafa, ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga wa rana. A ƙarshe ya zaɓi wani baƙi mai ƙyalli wanda mutum ke ganin haƙoransa a ciki.

"Wannan yana da santsi in ya jiƙe," in ji mai shagon. "In akwai tsoho a gidan, ga mai kaushi can."

"Babu tsohon da zai taka wannan."

Ya ƙara da madubi mai fitila a gefe, da wani ɗan ƙarfe na rataya tawul wanda bai san sunansa ba.

Da yamma ya dawo, ya tura ƙofar falo da kafaɗa, madubin a rungume. Ya tsaya.

An fasa ƙofar banɗaki daidai inda ya zana, har da karkacewar. Amma kujerunsa ba sa nan. A wurin babbar kujera gadon ƙarfen Inna ne, an shimfiɗa masa zanen gado mai furanni. Akwatunanta uku suna jere a ƙarƙashin taga, rediyonta yana kan teburin gilashi, an ɗaura igiya daga ƙusar labule zuwa ƙarfen da zai rataya talabijin, ɗankwali biyu suna shan iska a kai. Inna tana zaune bakin gado tana shafa man zafi a gwiwa. A ƙasa, kan sabon kafet, maƙwabta mata biyu sun miƙe ƙafa.

"Sannu da zuwa," in ji Inna. "Na gwada. Taku biyar ne a ƙafata, amma ba laifi."

"Inna, nan fa falo ne. Na baƙi."

"Ai na ji bayaninka da safe. Shekara arba'in da shida ina gidan nan, sai yau na gane baƙo ake yi wa tanadi. Shi ya sa na zo baƙunta."

Ya buɗe baki, amma babbar maƙwabciyar ta riga shi.

"Allah ya yi maka albarka, Manaja. Yanzu muke zancenka. Ɗakin da ya fi kowanne girma a gida ka bai wa mahaifiyarka, har da banɗaki a ciki. 'Ya'yan yanzu wa ke yin haka?"

"Na kira ɗana a waya na faɗa masa ya ji kunya," in ji ɗayar. "Gobe duk unguwa za ta ji."

Manaja ya ji bakinsa yana murmushi ba da izininsa ba. Ya ce ai ba komai, haƙƙi ne. Ya jingine madubin a bango, ya leƙa cikin siton, inda mai famfo ke durƙushe yana shafe siminti.

"Wa ya ɗauko gadon nan?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Leburori, yallaɓai. Uwar maigida ta ce a ɗauka, wa zai ce a'a?"

"To a toshe wannan ƙofar, a fasa ta wancan gefen. Ta samu abin da take so, ta koma ɗakinta."

Mai famfo ya nuna bangon da cokalin gini. "Da ka ce ƙofa ta falo, sai na kai komai wancan bangon. Bututun masai, na ruwa, na wanka, duk suna ciki, an zuba kankare. In za a fasa, sai an tone har sokawe. Kuma ita Inna ta ce ko an fasa ba za ta koma ba, nan ya fi iska." Ya ɗago tayil ɗaya daga kwalin da aka shigo da shi, ya shafa da yatsa. "Wannan kuma mayarwa za a yi. Zai kayar da ita."

Manaja ya fita ta tsakar gida, ya shiga tsohon ɗakin Inna. An cusa kujerunsa uku a ciki, suna fuskantar juna kamar masu shirin faɗa. Ya bi ta kan hannun kujera ɗaya ya zauna, gwiwoyinsa suna dungurar ta gabansa. Ɗakin yana warin man zafi. Ta bayan bango yana jin dariyar matan.

Matarsa ta leƙo da kofin shayi, ta rasa inda za ta ajiye, ta miƙa masa a hannu.

"Dama manyan baƙi sun fi son ƙaramin falo," in ji shi, bai dube ta ba. "Ya fi sirri. Gobe a kira mai fenti."

"To. In sun matsu fa?"

Ya kurɓi shayin, ya daɗe yana kallon bangon.

"Wane irin baƙo ne zai zo gidan mutane ya nemi banɗaki?"