Abin da ke Bayan Jar Ƙofa

Yayana Illo mutum ne mai taurin kai, kuma ba yau ya fara ba. Da yanar ido ta kama shi, likita ya rubuta masa takarda ya ce ya je Yamai a yi masa aiki ranar wata Litinin. Illo ya ninke takardar ya tura ta ƙarƙashin keken ɗinkinsa, keken da ya yi wata biyar bai taka ba don zare ya daina shigar masa allura. Na san abin da yake tsoro. Babanmu ma ciwon nan ya yi, wani mai yawo da tsinke ya taɓa masa idon a zaure, daga ranar bai sake ganin komai ba har ya koma ga Allah. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kai ƙara wurin gwaggonmu, Illo ko gezau.

Ana saura kwana shida ranar ta cika, sai ga Abdul'aziz, abokinsa mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ya shigo da wani ƙaramin baƙin akwatin wasan tele da ya saya wurin wani mai dawowa daga Libiya. Ya jona shi da telen Illo, ya zazzage manet huɗu, abin da ake riƙewa a hannu a sarrafa wasan, a kan tabarma. Kiɗan da ya tashi ya sa na saki ludayin da ke hannuna.

Lokacin da muke yara, Babanmu yana da butik, ɗan kanti, kusa da tsohuwar tasha, a ciki akwai wani injin wasa mai tsawon mutum, da sanduna huɗu a gabansa. Sunan da ke jikinsa ba wanda ya iya karantawa, sai muka sa masa Rami. Mutum huɗu ne ke shiga ƙarƙashin ƙasa su bi ɗaki talatin suna yaƙi da dodanni: jan ƙato mai guduma, maharbi, mai takobi, da wata tsohuwa mai jifa da wuta. Illo ne ƙaton, Abdul'aziz maharbi, abokinsu Issouf mai takobi. Ba namijin da ya yarda ya zama tsohuwa, shi ya sa aka jawo ni, ni Ramata, ina 'yar shekara tara. A ƙarshen ɗaki na talatin akwai jar ƙofa, ba ta buɗewa sai duka huɗun sun taka duwatsu huɗu da ransu. Sau ɗaya muka kai gabanta. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, da ya dawo ya ƙone injin, maganar ta tsaya nan shekara talatin. Kiɗan Ramin nan ne ya tashi daga telen Illo.

Aka kira Issouf, wanda yanzu albasa yake ɗaukowa daga Tabelot, ya zo da warinta a rigarsa. Muka zauna. Illo ya shafa manet ɗin ya yi tsaki, ya ce wannan ai sabulun wanka ne. Amma da ƙatonsa ya fara tafiya, na ga haƙoransa a waje, abin da na daɗe ban gani ba. Da na ga ya saki jiki sai na sako maganar Yamai.

“Ke dai ba ki gajiya,” in ji shi. “To ki ji. Wallahi ba ni shiga kar ɗin Yamai sai jar ƙohwar ga ta buɗe.”

“In ta buɗe fa, Yaya?”

“In ta buɗe in tahi.”

Ya faɗa ne don ya rufe mini baki, yana ganin abin da ya gagare mu muna da ƙuruciya ba zai yiwu ba yanzu da furfura. Ni kuwa na juya na dubi abokansa na ce sun dai ji. Kar ɗin Yamai, babbar motar fasinja, Asabar da safe take tashi. Kwana uku ke gare mu, kuma na ƙudura a raina ko yatsuna za su tsinke sai ƙofar nan ta buɗe.

Ranar Laraba bayan la'asar muka gane wasan na gida ba irin na butik ba ne. A da, in layin ranka ya kusa ƙarewa, sai ka jefa jeto, ɗan ƙarfe mai kama da kwabo, ya cika, kowa da aljihunsa, ba ruwan wani da wani. Wannan ba shi da ramin jeto. Abin da ke ƙara rai ɗaya ne, wata 'yar cinyar nama da ke bayyana a ƙasa, mutum ɗaya ya taka ta, in an daɗe ba a taka ba ta ɓace. Kuma wanda ya mutu ya mutu, sai a koma farko.

A nan tarbiyya ta kashe mu. Cinya za ta fito, maza biyu su tsaya a kanta kamar an kawo kwano gaban surukai.

“Bisimilla, Mushe,” in ji Issouf, haka yake kiran Abdul'aziz don malamin lakwal ne.

“A'a, kai ka sha hanya, ɗauki.”

“Haba, ga mai gida, ga shi ba lahiya. Illo, taka.”

“Ni a gidana in riga baƙi?” in ji Illo. “Ku ci.”

Ni kuwa tun ina yarinya an hana ni miƙa hannu kafin maza. Kafin a gama bisimilla cinyar ta ɓace, dodanni su rufe mu. Mun mutu a ɗaki na tara, mun mutu a na sha ɗaya, duk da nama a gabanmu. Ranar Alhamis muka kai na sha bakwai aka sake yin haka, Issouf har da ja da baya yana ba Abdul'aziz hanya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ajiye manet na ce musu ban taɓa ganin manyan mutane da yunwa ta kashe don kunya ba sai su.

Juma'a da aka sauko daga masallaci na riga su zama, na sa tabarmata a tsakiya.

“Yau ni ce mai rabo,” na ce. “A gidan ga in na zuba wa mutum tuwo, akwai mai maido mini? To haka nan. Wanda na kira sunanshi shi taka, ba bisimilla, ba godiya.”

“Dakor, mun yarda, ƙanwa,” in ji Abdul'aziz yana dariya.

Abin ya yi aiki. Ina jifa da wuta ina duban layukan rai huɗu a saman tele, wanda nasa ya fi gajarta in kira shi. Issouf! Ya taka. Mushe! Ya taka. In nawa ne in taka ba tare da na dubi kowa ba. Muka wuce na sha bakwai, muka wuce na ashirin, gumi yana bin bayana. Matsala ɗaya ta rage, kuma ita ce babba. Duk lokacin da na kira Illo, sai ƙatonsa ya ci gaba da dukan bango kamar bai ji ba.

“Yaya, taka!”

“Ba Issouf, ya hi ni buƙata.”

A ɗaki na ashirin da shida layinsa ya rage kamar tsinken ashana. Cinya ta fito dab da ƙafar ƙaton, taku biyu kawai. Na kira shi, ya ce a ba baƙi. Na danna maɓallin da ke tsayar da wasa, na juyo a fusace, don na ɗauka so yake mu faɗi da gangan ya tsira daga rantsuwarsa. Na buɗe baki zan faɗi abin da ƙanwa ba ta faɗa wa wanta, sai na lura da inda yake kallo. Idonsa yana can kusurwar dama ta tele, inda naman ke fitowa a injin Babanmu. A na gida sun canza wurin.

“Yaya,” na ce, muryata ta sauka, “ina cinyar take?”

Issouf ya sunkuyar da kai.

“Ja nike gani,” in ji Illo daga baya. “Wani abu ja yana motsi, na san ni ne. Ɗakunan kuwa na san su da ka. Sauran duk hayaƙi.”

Kwana uku yana ce mana mai gida ba ya riga baƙi, ashe naman ne ba ya gani. Tausayinsa ya kama ni, amma na san in na yi kuka an gama. Na matsa na jingina kafaɗata da tasa.

“To ka saurare ni. Hagu, taku biyu.”

Na saki wasan. Ƙaton ya yi hagu, layinsa ya cika. Daga nan na zama bakinsa da idonsa: sama, tsaya, buga, dama, dama kuma, gudu. Tsohuwata ta sha duka don hankalina ya rabu biyu, sai Issouf da Abdul'aziz suka sa ta tsakiya suna kare ta, kuma ba wanda ya ƙara cewa bisimilla. A ɗaki na talatin wani dodo mai kai uku ya kusa gamawa da maharbi. Illo ya ji ƙarar ya tambaya ina, na ce gabanka, ya sauke masa guduma sau shida. Muka taka duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Nasa ne na ƙarshe, sai da na ja shi taku-taku kamar mai koya wa yaro tafiya.

Jar ƙofar ta buɗe.

Issouf ya ce Allahu akbar. Abdul'aziz ya cire tabarau ya goge ya mayar. Mu uku muka ga abin da ke ciki, muka ƙura masa ido. Illo ya rarrafa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

“Mi ke ciki?” ya ce. “Ramata, mi ke ciki?”

Issouf ya buɗe baki. Na daka masa harara, na miƙa hannu na kashe telen.

“Ke! Mi kika yi haka?”

“Ta buɗe, shaidu sun gani. Wanda duk ya gaya maka abin da ke ciki, ni da shi har abada. Ka tahi a gyara idon, ka dawo mu sake bi tun daga ɗaki na ɗaya ka gani da kanka.”

Ya zage ni, zagin da rabona da shi tun muna yara. Ya roƙi Issouf, ya haɗa Abdul'aziz da Allah, suka ce su ba ruwansu, mai rabo ta hana. Ya zauna yana huci, na ga tsoron nan ƙarara a fuskarsa, ban kuma janye ba. Da aka kira magariba ya miƙe yana laluben bango, ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba.

“Kar ɗin,” ya ce, “ƙarhe nawa ne?”