Baƙon da Ke Cikin Kwalin Taliya

A duk faɗin Anka babu gidan da ya san haƙƙin ɗan Adam kamar gidan Malam Nababa. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma yana maimaitawa duk Juma'a a ƙofar masallaci don kada wani ya manta. Hujjarsa biyu ce. Ta farko, shekarar da gubar dalma ta yi ta kwasar yara a Dareta, garinsu na asali, shi ya riƙa haƙa kaburbura har tafin hannunsa ya sale. Ta biyu, ya haifi likita.

Likitar, wato Muhsina, tana shekara ta biyu a makarantar likitanci a Sakkwato, kuma ta faɗi jarrabawar anatomi, darasin sassan jiki. Babu wanda ta gaya wa a gida. An ba ta dama ɗaya ta sake zama bayan mako uku. In ta sake faɗuwa, za a mayar da ita sashen nazarin tsirrai, ta ƙare rayuwarta tana yi wa mahaifinta bayanin dalili.

Baba Magaji ne ya tausaya mata. Shi ne mai kula da ɗakin ƙasusuwa na sashen, mutumin Gummi, saura wata huɗu ya yi ritaya. Da ya ji Hausar gida a bakinta, sai ya zuba mata ƙoƙon kai da ƙashin cinya da allon kafaɗa da 'yan haƙarƙari a cikin kwalin taliya, kowanne da jar lamba a jikinsa. Doka ta hana a fitar da su daga ginin. Ɗalibin da aka samu da kayan sashe a hannunsa kuwa ba a sa masa hannu a takardar shiga jarrabawa.

"Litinin ɗin ƙarshe kahin jarrabawa ki maido mini shi cikakke," in ji shi. "Ban ba ki ba, ba ki amsa ba."

Da ta isa gida Anka, ta tura kwalin ƙarƙashin gado. Da safe ba ta samun sukunin karatu, domin Malam Nababa ya ajiye benci a tsakar gida, mata na zuwa da ciwon baya da takardun gwajin jinin 'ya'yansu. Duk wadda Muhsina ta ce wa ta tafi asibiti sai ta fita tana yaba tawali'un likita. Bayan azahar ne take kulle ƙofa, ta ɗora ƙoƙon kan a cinya, tana bin ramukansa da tsinke tana raɗa sunayensu. Ko kaza ce ta gitta sai ta lulluɓe shi da zane.

A rana ta takwas aka aike ta can bayan kasuwa ta auna hawan jinin wata goggo. A ranar kuma aka yi baƙi, Inna ta rasa abin dafawa da sauri, ta tuna ta ga kwalin taliya a ɗakin 'yarta.

Da la'asar Muhsina ta dawo ta tarar da maza a ƙofar gida, ƙafafunsu duk jar ƙasa, an jingine diga da shebur a bango. Ta shiga da gudu tana ƙirga mutanen gidan da ido. Kowa na nan. Inna na zaune a bakin murhu, ta ƙi ɗago kai.

Malam Nababa ya yi mata bayani cikin natsuwar wanda ya sauke nauyi. An kira liman, ya duba ƙasusuwan da Inna ta tarar a kwalin, ya ce tunda ba cikakken jiki ba ne ba za a yi salla ba, amma a naɗe a farin ƙyalle a rufe. Ƙyallen ma daga likkafanin da ya tanadar wa kansa ya yanko. Mutum goma sha ɗaya suka raka.

"Baba, na makaranta ne," ta ce.

"Kahin shi zama na makaranta, na wata uwa ne. Kwana takwas bawan Allah shina ƙarƙashin gado gidana, ni ina waje ina wa'azi."

Ta buɗe baki za ta ce a tono. Ta dubi hannuwansa, ta rufe bakin. Ya ƙara da cewa ta gaya wa manyansu, in akwai saura a turo, ba ya karɓar komai.

Sauran kwanakin a jikin Inna ta yi karatu. Inna ramammiya ce, ana ganin komai. Takan zauna shiru a tabarma, Muhsina na lalubar ƙashin wuyanta da gwiwar hannunta, ba ta taɓa tambayar dalili ba. Sau ɗaya kawai ta ce taliyar ma da ta samu da ba ta isa baƙin ba.

Ranar Litinin Muhsina ta tsaya gaban teburin Baba Magaji da kwali babu komai a ciki. Tun daga tashar Anka take shirya ƙarya: 'yan fashi, shingen bincike, mantuwa a mota. Da ya ɗago ya dube ta, sai gaskiyar ta fito da kanta.

Ya jawo kwalin ya leƙa ciki.

"An hwa ruhe shi da kyau?"

Ta ce da ƙyallen likkafanin babanta.

Ya gyaɗa kai, ya jawo takardarta ta shiga jarrabawa ya sa hannu. Sannan ya buɗe littafin kayan sashe, ya nemo jajayen lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta a gaban kowace cewa a hannunsa ta ɓace.

Ta ci jarrabawar da ƙyar. Ranar da aka liƙa sakamako ta gangara ɗakin ƙasusuwa don ta yi masa albishir, ta tarar da wani sabon mutum a kujerarsa. Ya ce kwamiti ya zauna a kan tsohon, an sallame shi, ya koma Gummi tun makon jiya. Butarsa ce kawai ya bari a bayan ƙofa.

A Anka kuwa, hujjojin Malam Nababa sun zama uku.