Saƙon Don Amador

Herminia ta leƙa shago na gaba, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Titin Donceles na birnin Meziko duk masu tsofaffin littattafai ne, kuma babu wanda bai san mijinta Evaristo ba, don nan ya tsufa yana sayar da littattafan tarihin Meziko da Peru. Amma kowa ta tambaya sai ya girgiza kai.

Da safe ta shiga ciki ta haɗa masa kofi, ta fito ta tarar babu shi a kujera. Akwatin gilashin shagonsu a buɗe, babu babban littafin nan mai bangon fata, mai taswirorin zamanin zuwan Sifaniyawa. Tun bara mantuwa ta kama shi, wani lokacin har sunan 'yarsu yakan ɓace masa.

Ga hadari ya haɗo. Ta kai ƙarshen titi, ta dawo, ta sake komawa. Sai Fausto, mai gyaran bangon littattafai, ya ce ya gan shi ya ci ado, wai zai kai wa Don Amador saƙonsa.

"Wane Don Amador? Wanda muka binne tun yaranmu na firamare?"

"Shi fa, 'yar'uwa. Na zaci wasa yake."

Ta faɗa bas mai zuwa unguwar Don Amador, ruwa na dukan gilashi, ta kasa zama duk da akwai wuri. Gidan Don Amador ya zama asibitin haƙori. Can ta hango Evaristo a benci cikin masu jira, rigarsa sharkaf, ya naɗe littafin da kwat ɗinsa. Ma'aikaciyar wurin ta raɗa mata cewa an yi an yi ya tafi, ya ce sai maigidan ya sauko.

Herminia ta zauna kusa da shi. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ya juyo ya dube ta da ladabi, irin kallon da yake wa baƙi a shago.

"Baiwar Allah, ke ma littafi kika zo nema? Wannan an riga an yi kamunsa, amma gani ba laifi."

Ta goge hannuwanta a siket, ta matso.

"To, buɗe mini daga farko," in ji ta.