Yadin da Ba Wanda Ya Taɓa

A sashen ɗinki na kamfanin nan ko allura ba ta motsi sai Manaja ya ce ta motsa. Shi ke faɗin wanda zai yanka da wanda zai ɗinka, har fanka ba a kunnawa sai da izininsa. Kuma a faɗi gaskiya, aiki na fita a kan kari. Da wannan yake taƙama, yana yi wa Gwaggo dariya, wato shugabar sashen guga da ke ɗakin kusa, wadda kullum sai ta tara ma'aikatanta tana tambayarsu, "To, ku ya kuka gani?" A wurinsa wannan ɓata lokaci ne tsagwaronsa.

Rannan babur ya kayar da shi, ƙafa ta karye, waya ta tarwatse. Ya yi kwanaki a asibiti hankalinsa kwance, don ya san ya bar mutane masu bin doka. Babban aikin da ke gabansu kuwa kayan ma'aikatan jinya ne, ga farin yadi nan dila-dila jingine da bangon ɗakin yanka. Kafin mai kamfanin ya yi tafiya sai da ya ja masa kunne: in wannan aiki ya lalace, to, ya nemi wani wurin.

Da aka sallame shi ko gida bai biya ba. Ya shigo yana dogara sanda, sai wani wari ya tare shi tun daga ƙofa, irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. Ya ɗaga kai. Ashe bututun ruwan da ya bi ta saman ɗakin ne ya fashe, silin ya kumbura ya yi baƙi, ruwa na ɗiga kai tsaye a kan yadin. Farin ya koma ruwan ƙasa, fumfuna ta bi shi. Teloli kuwa kowa na zaune tsaf a gaban kekensa, kamar masu jiran a ɗauke su hoto.

Ya juya wurinsu. Ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun washegarin faɗuwarka, Oga," in ji Dogo, babban mai yanka. "Wallahi mun yi ta kiran wayarka, ba ta shiga."

"Kuna zaune kuna kallo? Ba wanda ya janye shi?"

"Ai kai ka ce kada kowa ya taɓa yadin nan in ba ka nan. Wancan karon da na matsar da dila ɗaya daga rana, ba gida ka kora ni ba?"

Ba da gatse ya faɗa ba, abin da ya fi girgiza Manaja ke nan. Shi Dogo jira ma yake a yaba musu.

Ya ja ƙafa ya leƙa ɗakin guga, inda bututun ya ratsa. An kwashe kaya an jera a wancan gefen, a bushe ƙayau, an ɗaure bututun da roba, ga bokitai a ƙasa.

"Ina Gwaggo?" ya tambayi wata mai guga.

"Ai ba ta nan, ranka ya daɗe, 'yarta ce ta haihu. Mu muka yi shawara muka gyara. Mun je mu taya mutanenka ma, suka ce ka hana 'yan wani sashe shiga."

Kunya da tsoro suka rufe shi lokaci guda. Ya koma, ya hango 'yan diloli can baya da ruwan bai kai gare su ba tukuna. Ko su aka tsirar, watakila ya sami abin faɗa wa mai kamfanin.

"Ku tashi!" ya daka tsawa. "Ku kwashe wanda ya rage!"

Suka miƙe zumbur gaba ɗaya, suka ruga wurin yadin. Suna isa suka yi cirko-cirko, hannu a miƙe, ruwa na ɗiga a kansu. Sai duk suka waiwayo suna kallonsa.

"Oga," in ji Dogo, "wanne za mu fara ɗauka?"