Saƙon Inna a Kwandon Shara

"Kashe! Kashe wannan, don Allah!" in ji Alhaji Shu'aibu, yana toshe kunne da yatsa.

Martine, mai shagon, ta kashe, ta danna na gaba. Wata gangar ta sake ɓarkewa, mata na juyi a fuskar kwamfutar. Bidiyo na ɗari biyu da sittin ke nan tun hantsi, ga azumin farko, ga zafin Garwa da ko fankar shagon ta sallama masa. Alhaji guda, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, zaune a shagon gyaran kwamfuta yana kallon rawa da bakin azumi!

Kuma shi ya jawo wa kansa, kada ma wani ya tausaya masa. Duk shekara, ana gobe azumi, yakan bi wayoyin gidan da kwamfutar falo ya share waƙoƙi da finafinan da iyali suka tara, wai a shiga wata da tsarki. Jiya ya ga jakar bidiyo ta cika maƙil, bai tsaya buɗewa ba ya goge ta ɗungurum, ya zubar da kwandon sharar, har yana hamdala. Sai da ya idar da asuba ya tuna. Saƙon Inna, mahaifiyarsa, na cikin jakar nan.

Kwana uku kafin rasuwarta Inna ta sa ya ɗauke ta a waya, ta yi magana ta minti shida ga Adda Aisatu, 'yarta ta fari. Shekara huɗu ba sa ga maciji, tun ranar da Aisatu ta tattara ta koma garin Kuseri kasuwanci ba da son Inna ba, ta kuma yaɓa mata baƙar magana a bakin ƙofa. A cikin saƙon Inna ta yafe mata. Sai dai ta kafa sharaɗi: "Kada ka tura wa waccan ta waya. Ta zo da ƙafarta ta ji." Haka take kiranta, waccan, ko ta Kuseri, don uwa irin ta da ba ta kama sunan ɗan fari. Rasuwar ta sami Aisatu kwance a asibiti, wayar kuma an zare ta daga aljihun Alhaji a wajen jana'iza, kwafin kwamfutar kaɗai ya rage. Sau nawa ya rantse wa Aisatu an yafe mata, tana cewa lallashinta kawai yake yi? Yau ta taso don ta ji da kunnenta, motarsu ta wuce Marwa tun safe.

"Madam Martine, wai ba za ki nemo shi da sunansa ba? Na rubuta Inna a kai, ɓaro-ɓaro."

"Alhaji, sau uku ke nan ina faɗa maka. Abin da aka goge, in ya dawo, ba ya dawowa da suna. Lamba kawai. Bidiyo ɗari takwas ne, sai mun buɗe ɗaya-ɗaya." Ta share gumi da gefen zane. "Kuma ka gaya mini gaskiya, bayan ka goge, ka zuba wani abu a diskin?"

Ya kau da kai. "Tafsiri ne kawai."

"Nawa?"

"Na wata guda."

"Mon Dieu!" Martine ta dafe goshi. "Ka rushe ɗaki, ka yi gini a kan filin, yanzu kana tambayata ina gado!"

"Tafsirin ne laifi?"

"Ni ban ce ba. Diski bai san wa'azi ba, bai san waƙa ba, wuri kawai ya sani."

Ana cikin haka kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Alhaji ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa, ya ja tsaki har mai ɗinkin da ke maƙwabtaka ya leƙo. Ya je ya yi azahar ya dawo, wuta ba ta dawo ba sai wajen ƙarfe biyu. Suka ɗora daga inda suka tsaya. Bikin wata da bai sani ba, kokawa, wasan ƙwallo, waƙa, waƙa, waƙa. Har wadda uwargidansa ta rantse ba ta taɓa ji ba, ga ta nan kwafi uku. Maƙogwaronsa ya bushe ƙamas, ga Martine na kurɓar ruwan sanyi a fakaice tana juya masa baya, wai kunya.

Bayan la'asar, a na ɗari shida da goma sha tara, fuskar Inna ta bayyana.

"Tsaya!"

Tana zaune a kan gadonta, tana gyara mayafi. "Kai Shu'aibu, riƙe abin nan da kyau mana, hannunka na rawa kamar na tsoho." Ta yi tari, ta dubi wayar. "Aisatu." Daga nan hoton ya tarwatse ya zama kore da ja, sauti ya mutu.

"Ina sauran?"

Martine ta gwada wata manhajar, ta gwada ta uku. Ta girgiza kai. "Sakan goma sha ɗaya. Sauran tafsiri ya hau kai. Ko Yawunde ka kai shi, Alhaji, babu."

Haushi ya turnuƙe shi har ya rasa wanda zai zaga, don mai laifin na cikin rigarsa. Wayarsa ta yi ƙara. Adda ce, ta sauka a tasha. Ƙarya ta zo masa har baki, ya tuna yana azumi, ya haɗiye ta, ya kwatanta mata shagon.

Ta sauko daga kan babur da ƙullin kayanta, ta rame, ta yi duhu. Ko gaisawa ba su gama ba ya zayyana mata komai, kansa a ƙasa. "Wallahi, Adda, Inna ta ce ta yafe miki, har sau biyu. Ni na goge da hannuna."

"Ka kyauta," in ji ta. "Tun kana yaro kake da karambani. Nuna mini abin da ka rage."

Martine ta ba ta kujera, ta kunna. Mayafi, faɗa, tari. "Aisatu." Kore da ja.

Aisatu ba ta motsa ba. "Sake, 'yar nan."

Aka sake. Aka kuma sakewa.

"Adda, ki yi haƙuri, maganar yafiyar tana can gaba, wajen minti na—"

"Rufe mini baki, Shu'aibu." Hawaye na sauka kan mayafinta. "Kai da ka riƙe wayar ba ka ji ba? Shekarata hamsin da uku. Ka taɓa jin sunana a bakin Inna?"

Bai taɓa ji ba, kuma ranar ma bai lura ba, hankalinsa na kan hannunsa da ke rawa.

Aka kira magariba a masallacin kasuwa. Martine ta ajiye musu ruwa a gefen tebur, babu wanda ya taɓa shi.

"Sake kunnawa," in ji Aisatu.