Garwashi a Gaban Sabon Titi

Ku yi mini afuwa. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya, shi ma a lungu nake yi inda ba mai ganina. Yau ne karon farko da na ɗauki biro don rubuta abin da ba malami ne ya sa ni ba. In kun ga kuskure, ku kau da kai.

Mafarki na yi daren jiya, ga yadda ya kasance.

Na tsinci kaina a wani fili fetal, da rana tsaka. Ana ruwa, sai dai daga ƙasa yake tsirowa yana tafiya sama, don haka tafin ƙafata ya jiƙe sharkaf, kaina kuwa a bushe. A bakin filin wani sabon titi ne kwance, baƙi wuluk, yana numfashi a hankali, yana jiran a ba shi hanya.

Gefensa akwai ofis. Ba bango, ba rufi, amma da ƙofa, kuma sai an ƙwanƙwasa. Shugabar ofishin wata jar akuya ce mai tabarau. Babu takarda ko ɗaya a teburinta, domin duk wadda aka kawo cinyewa take yi, wai ta haka abin ya fi zama mata. Ta kira ni da sunana, Barira, ba tare da ta ɗago ba. Ta ce a dokarsu titi ba ya wucewa sai an tona ƙasa an duba ko mutanen da can sun bar wani abu, kuma ni aka zaɓa saboda an lura kullum kaina a sunkuye yake.

Na ce, "Ranki ya daɗe, in na sami wani abu fa?"

Ta ce, "In akwai mai buƙatarsa, titi ya kauce. In babu, titi ya hau."

Ta turo mini cebur da rariya da 'yar tsintsiya.

Sai ga ni cikin rami, ni kaɗai. Na fara tarar da ledoji, ƙarƙashinsu fasassun kwalabe, sai tsingaro mai zane, sai wani gatari na dutse da ya yi mini sannu da aiki ya koma barcinsa. Ina ƙara nisa ramin na ƙara haske. Na tankaɗe ƙasa a rariya, duwatsu suka zube ta ƙasa, garin ƙasar ya tsaya a sama. Ban damu ba, na ga kamar haka ya dace.

Can na share wata toka da tsintsiya, na ji ta da ɗumi.

Murhu ne, duwatsu uku, da garwashi ja a tsakani. Wata tsohuwa tana tsugune a gabansa, ɗaure da fata, tana hura shi kaɗan-kaɗan. Na yi sallama, ta dube ni kawai, na gane a zamaninsu ba a fara yin ta ba. Na tambayi sunanta, ta ce an tashi raba sunaye ke nan mutanen garin suka tafi, ita ba a kai kanta ba. Sai na kira ta Kaka, ta ce ya yi mata daidai, za ta ajiye shi.

Ta ba ni labari a nutse. Da can gidaje ne kewaye da ita, kuma duk wadda wutarta ta mutu wurinta take zuwa ɗiba, a tsingaro, su ɗan taɓa hira kafin ta koma. Wata rana kogi ya tashi ya bar garin, mutane suka bi shi. Ita ta tsaya, don kada wata ta dawo ɗiban wuta ta tarar ba kowa. Tun daga ranar take hurawa. Ƙasa ta yi ta taruwa a kanta, ta ce ba ta ga laifin ƙasar ba, ita ce kaɗai ke zuwa.

Na ji a raina zan iya zama nan har abada. Ba ta tambaye ni me ya sa ba na magana ba.

Sai ta ɗauki tsingaro, ta zaɓi garwashin da ya fi ja, ta miƙo mini da hannu biyu.

"'Yata, wuta kika zo ɗiba?"

Ina so. Wallahi ban taɓa son wani abu haka ba. Amma a gidanmu an koya mana in an ba ka abu a gidan mutane ka ce a'a, a matsa maka, ka sake cewa a'a, sai an yi kamar za a yi fushi sannan ka karɓa. Bakina ya riga ni.

"Kaka, ki bar shi, na gode. Muna da ita a gida."

Na sunkuyar da kai ina jiran ta matsa mini. Ashe ita ta riga alkunya zuwa duniya, abin da mutum ya faɗa shi take ɗauka. Ta ce, "To," ta mayar da garwashin cikin murhu.

Na ɗaga ido, na ga akuyar tana leƙowa daga bakin rami, tana tuƙa. Ta ce an ji, babu mai buƙata. Ta buga kofato a ƙasa, shi ne hatiminsu.

Na buɗe baki in ce ƙarya na yi, ina so, a ba ni ko a tafin hannu ne. Muryata ta fita, ta bi ruwan nan ta yi sama, ba wanda ya ji. Titin ya yi miƙa, ya fara jan ciki.

Kaka ba ta tashi ba. Ta tambaye ni ko mutane za su riƙa bi ta kan titin, na gyaɗa kai. Ta tambaya ko suna tsayawa, na girgiza kai. Sai ta ce, "Ba komai. Ko ƙafarsu ta ji ɗumi." Ta duƙa ta ci gaba da hurawa.

Sai ga ni a kan titin, ba takalmi. Motoci na ta wucewa da baya, ba kowa a cikinsu. Na yi ta tafiya ina laluben kwalta da tafin ƙafa, ko'ina sanyi ƙalau, har na taka wani ɗan wuri mai ɗumi, bai fi faɗin faifai ba. Na durƙusa na hau kankarar sa da farce. Ƙar, ƙar, ƙar.

Na farka. Inna ce ke kankare ƙanzon tuwo a tsakar gida.

Na sa hijabi na fita. A ƙarshen layinmu akwai wata tsohuwa, Gwaggo Tasalla, 'ya'yanta duk sun koma birni, ita kaɗai ke cikin gidan. Hayaƙi na tashi ta saman katangarta. Na tsaya a bakin zaure na yi sallama, a hankali ƙwarai.

Nan take ta amsa, kamar dama a bayan ƙofar take zaune. "Wace ce? Shigo mana!"

Na ji tafiyar takalminta tana tahowa. Ban san abin da zan ce na zo nema ba. Kafin ta ɗaga labule na sulale ta lungu.