Garbai da Kacallar Tafki

A wani kwari gabas da Gure, inda dabino ke tsaye a gindin tudun rairayi, akwai tafkin da ya shekara arba'in yana shayar da lambun tsoho Garbai. Shi kuwa Garbai ba ya rasa abin bugun ƙirji. Ya ga fari biyu da suka ƙarar da shanun yankin Alakos, ya ci ganyen da akuya ta ƙi, ya tashi da ƙafafunsa. Bai taɓa leƙa ƙofar lakwal don karatun boko ba, amma in ka ji bakinsa, ƙasa ba ta tsiro da abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Sai ga kacalla, ciyawar ruwan nan da ta fi mutum tsawo. Ta fara daga gefe kamar baƙo mai kunya, kafin shekara biyu ta toshe magudanar da ke kai ruwa lambunsa. Irin albasa ya isa dashe, fangali a bushe. In dashe ya wuce, shekarar ta wuce.

"Ciyawa ce fa," in ji Garbai. "Tun ina yaro maganin ciyawa wuta."

Ya cinna mata wuta, hayaƙi ya turnuƙe kwari, ya koma gida yana taku ɗai-ɗai. Mako uku, kacalla ta dawo kore shar, ta fi da kauri.

Maƙwabcin lambunsa Fannami ya tsaya yana kallo. "Sannu da aiki, Garbai. Ashe taki ka ba ta. Ni ma ka zo ka ƙona mini rogo."

"Jarraba ta na yi, in ga ƙarfinta."

"To ka gani."

Garbai ya zagaya tafkin yana cizon yatsa, sai ya tarar da wani lungu ruwa fes, har da kwaɗi suna iyo. Matarsa Yabawa na ciki, ruwa iya ƙugu, da lauje a hannu. Nan take yankar kacallar da take saƙa asabari.

"Yabawa, me kika zuba a nan?"

"Me zan zuba, Malam? Doguwa nake so, shi ya sa nake yanka ta can ƙasa cikin ruwa. Wadda ruwa ya rufe kanta ba ta sake tashi, ruɓewa take. Har na fara rasa ta yanka."

"Kika yi shiru?"

"Ka tambaye ni? Kana ta fama da ashana."

Garbai ya naɗe wando, ya karɓi laujen, ya shiga. Kwana huɗu yana sunkuye, matsattsaku na shan jininsa, yana ce musu su sha, jinin da yunwa ta kasa ƙararwa ne. Rana ta biyar ruwa ya bi magudana, ya shiga fangali na farko. Suka dasa albasa shi da Yabawa kafin azahar.

Ran kasuwar Gure ya tara masu lambu a rumfar mai shayi. "Abin ruwa, da ruwa ake kashe shi. Wannan dabara na daɗe da ita a ciki."

Fannami ya kurɓi shayi. "A cikin wa?"

"A cikin gidana," in ji Garbai. "Yabawa ba a gidana take ba?"